Kurakuran da ke kashe himmar masu son rage ƙiba a ƙauyukanmu

A 'yan shekarun nan, duk wanda ya je asibitin karkara aka auna shi aka ce jininsa ya hau, ko sukari ya fara yi masa yawa, da magana ɗaya yake dawowa gida, wato an ce ya rage ƙiba. Sai ya ɗauki abin da zafi, ya yi 'yan makonni, daga nan a ji shiru, in an tambaye shi ya ce ƙibar tasa ta gado ce. Mata da yawa a nan ƙasar Ringim suna zuwa wurina neman shawara, domin sun san ina da hawan jini, sun ga na rage jiki kuma ban koma gidan jiya ba. Na gaji da ganin kowace sabuwar mai farawa tana maimaita kuskuren wadda ta gabace ta. Abin da ke kashe himmar yawancinsu shi ne hanyar da suka ɗauka tun farko, hanyar da babu mai iya ɗorewa a kanta a gidan da ake tuƙa tuwo a tukunya ɗaya.

Zan fara da wanda ya fi ƙona mini rai, wato maganin rage ƙiba. Ranar kasuwa mai magani zai kafa lasifika a kan mota, ya jera jarkoki da ƙullin gari, ya rantse cewa nasa yana narkar da teɓa cikin mako guda, yanzu kuma an ƙara da shayin rage tumbi da ake tallatawa a WhatsApp da TikTok. Yawancin waɗannan haɗe-haɗe aikinsu ɗaya ne, su sa gudawa ko yawan fitsari, kuma da yawansu filasko ne a ciki, wanda kowa ya san mai wanke ciki ne. Idan mutum ya kwana yana zagayawa bayan gida, da safe ya hau sikeli, dole ya ga nauyi ya sauka, amma ruwan jikinsa ne ya zube, kitsen yana nan inda yake, kuma da zarar ya sha ruwa ya ci abinci nauyin zai dawo. Tare da ruwan nan jiki yana asarar gishirin da yake buƙata, musamman sinadarin fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi.

Ni wannan magani ya ci mini kuɗin adashen da na daɗe ina zubawa, ya kuma kusa cin raina. Mai maganin ya ce mini muddin ina shan nasa, ba ni da buƙatar ƙwayar hawan jinin da aka rubuta mini, na kuwa yarda na ajiye ta. Jiri ya kayar da ni a tsakar gida ina shara, aka kwashe ni zuwa asibiti, aka yi mini ƙarin ruwa, ma'aikaciyar jinyar ta auna jinina ta riƙe baki. Saboda haka duk wadda ta zo ta nuna mini jarka tana tambaya ko wannan mai kyau ne, ba na yi mata sassauci. Wanda ya ce ki bar maganin asibiti domin ya sayar miki da nasa ba ya ƙaunarki, kuma ranar da kika faɗi yana can wata kasuwar da lasifikarsa. Ko a ƙasashen Turai da Amurka akwai wata ƙwayar rage ƙiba mai suna sibutramine da aka janye daga kasuwa a 2010, saboda an gano tana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma bayan haka an sha kama ta a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da aka rubuta musu cewa ganye ne zalla. To, wanda aka ƙulla a leda babu suna babu lambar NAFDAC, wa ya san abin da ke cikinsa? Ni dai ko mai lambar ne ba na saya, domin ban taɓa ganin wadda ya amfana ba.

Na biyu shi ne horar da kai da yunwa. Mace za ta tsallake karin kumallo, ta tsallake na rana, ta wuni tana aikin gida a kan ruwan ɗumi da lemon tsami, tana ganin jarumta take yi. Da magariba ta yi, hannu na rawa, sai ta cinye malmala uku ta bi da ƙanzo, ta kwanta a kai. Wadda ta daure ta yi makonni a haka kuwa, jikinta zai fara cin tsokarsa tare da kitsen, ƙarfinta ya ragu, faɗa ya yi mata yawa, yara su riƙa gudunta, ranar da ta karye kuma ta ci fiye da yadda take ci a da. Ga mai shan maganin sukari abin ya wuce haka muni, domin shan ƙwaya ko yin allura ba tare da abinci ba yana iya sa sukarin jini ya faɗi ƙasa har mutum ya suma.

Gaggawa ce ke jawo wannan, ita kuma gaggawar rashin sanin iyakar abin da ake nema ne ke haifar da ita. Likitoci ba su ce uwar 'ya'ya shida ta koma jikin budurci ba. Rage rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne abin da ake ɗauka a matsayin lafiya, kuma rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki ya isa a ga sauƙi a hawan jini da sukari. Wadda take kilo 90, ke nan kilo 4 da rabi zuwa 9 ake nema a wurinta, a hankali cikin watanni. Wani babban bincike da aka yi a Amurka aka buga sakamakonsa a 2002 ya nuna cewa mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, da aka sa su neman rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, yawan masu kamuwa a cikinsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Da wannan za a riƙa gaya wa mata a asibiti, maimakon a ce musu kawai su je su rage ƙiba, da yawansu ba za su jefa kansu cikin yunwa ba.

Abin da nake yi, ban ce kowa ya bi ba, shi ne na ware wani ƙaramin kwanon sha na mayar da shi kwanon tuwona. Daga tukunyar gidan nake ci, ba a yi mini girki daban, domin girki daban ba ya ɗorewa a gidan da itace da cefane suke a ƙididdige. Malmala ɗaya nake sawa, in cika miya, kuka ce ko kuɓewa ko yakuwa, kuma kafin in taɓa tuwon nakan fara da kwaɗon zogale ko rama da ɗan ƙuli-ƙuli kaɗan. Na daina ci a tire ɗaya da jama'a sai da dalili, domin a tire hannu ba ya sanin iyakar abin da ya ɗiba, hira na tafiya loma na tafiya. Da safe koko da ƙosai biyu ko uku, ko ɗanwake, da rana dafaffen wake ko dambu mai ganye da yawa. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito, cewa a raba ciki uku, kaso ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, kowa ya ji shi a wurin wa'azi, amma da wuya ka ga wanda ya tuna da shi a gaban akushi.

Sai kuma raina abin sha, wanda a nan maza sun fi mata laifi. Magidanci zai ce ya rage tuwo, amma kowace safiya da kowane dare yana teburin mai shayi, ana zuba masa sukari da babban cokali, a kwarara madarar gwangwani, ya haɗa da rabin burodi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a rana, in da hali ma ya tsaya ƙasa da kashi 5, wato kimanin giram 25 ko cokalin shayi shida. Robar lemo guda mai santilita 50, irin mai cikakken sukari, tana ɗauke da kusan ninki biyu na wannan. Zoɓo da kunun aya da fura ba su da laifi a karan kansu, sukarin da muke antaya musu ne laifin. Ni fura da nono zalla nake damawa, zoɓo kuma da citta da kanumfari, na kuma rage sukarin shayi kaɗan-kaɗan har harshena ya saba, domin yankewa lokaci guda ba ta yi mini ba.

Mai ma haka yake. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori kusan 120, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wanda rararsa ke zama kitse, mu kuwa da ludayi muke zubawa har ya taso saman miya, domin kada a ce uwargida ta yi rowa. A auna shi da cokali, a rage suyar awara da fanke, miyar kuwa daddawa da busasshen kifi za su ɗaga ta. Magi yawancinsa gishiri ne, kuma gishirin da aka yarje wa babba a rana bai kai giram 5 ba, kimanin cokalin shayi guda, don haka mai hawan jini ya lissafa su tare.

Wasu kuma suna karaya tun kafin su fara, suna cewa abincin rage ƙiba na masu kuɗin birni ne, sai da tuffa da kayan kanti. Wannan magana ba ta da tushe. Gero da dawa da ba a cashe su fes ba, da wake, da zogale da rama da lalo da tafasa, da kabewa da gauta, da gwaiba da kankana a lokacinsu, duk suna gonakinmu da bayan gidajenmu. Abin takaici shi ne muna kai waɗannan kasuwa mu sayar, mu sayo farar shinkafa da taliyar leda.

Akwai kuskuren da ba a cika ambatonsa ba, alhali ya karya mata da yawa, shi ne ɓoye wa mutanen gida. A wurinmu ƙiba alamar hutu ce da samun kulawar miji, shi ya sa har yau 'yan mata ke shan ƙwayoyin sha-ka-fashe kafin aure, suna jawo wa kansu cutar da za su yi jinya daga baya. Da zarar mace ta fara faɗawa, za a tare ta a gidan suna a ce: “Baiwar Allah, lafiya kika rame haka? Ko maigidan ne ya daina cefane?” Uwar miji ta ji, ranta ya ɓaci domin an taɓa mutuncin ɗanta, ta aiko da kwanon waina da man shanu, wadda ba ta yi bayani tun farko ba kuma dole ta ci. Don Allah ku daina wannan ɓoye-ɓoyen. Ki zaunar da maigida ki nuna masa katin asibiti, ki je ki durƙusa gaban surukarki ki ce: “Inna, likita ne ya ce jinina ya hau, ya ce in rage mai da gishiri da yawan tuwo.” Babu dattijuwar da za ta ji haka ta ci gaba da ɗura miki, sau da yawa ma ita za ta zama mai tsawata wa masu surutu. Ku kuma masu tare mutane da tambayar me ya ramar da su, ku ji tsoron Allah, domin da bakinku kuke mayar da marar lafiya cikin ciwonta.

Hawa sikeli kullum kuskure ne, domin nauyi yana hawa da sauka da ruwan jiki, mace kuma yakan ƙaru mata gab da al'ada. Ni sai ranar da na je awon jini nake hawa, a gida kuwa tef ɗin tela nake zagayawa a ƙugu daidai cibiya. Ma'aunin da aka fi amfani da shi ya ce haɗari yana farawa daga santimita 80 ga mace, 94 ga namiji.

Kada kuma mace ta ce aikin gida ya ishe ta motsa jiki ba tare da ta duba gaskiyar aikin ba. Iyayenmu sun yi daka da niƙa da surfe da jan guga, mu kuwa inji ke mana niƙa, yara ke ɗebo ruwa a famfo, maza kuma ko gona za su sai a babur. Minti 150 a mako, wato minti talatin a kwana biyar, shi ne mafi ƙarancin abin da ake so ga babba. Wadda ba ta fita ta zagaya tsakar gida da sauri bayan sallar asuba, ta karɓi taɓarya daga hannun yara ta yi dakan da kanta. Manomi ya tuna cewa cin da yake yi da damina yana huɗa da noma ba shi zai ci gaba da yi da rani yana zaune a dandali ba.

Azumi yana zuwa mutane su sa rai za su rame, sai su sha ruwa da soyayyen dankali da ƙosai da kunu mai zaƙi da lemo, su bi da tuwo bayan asham, salla ta zo sun ƙara nauyi. Dabino da ruwa da kunu marar sukari sun isa buɗa baki, a yi sallar magariba, sannan a ci abinci sau ɗaya a natse, mai ciwon sukari kuma ya ga likita tun kafin watan ya kama domin a gyara masa lokutan magani.

Biki ma yana kayar da mutane, ba don alkaki da nakiyar da aka ci ranar ba, sai don wadda ta ci takan ce ai ta riga ta ɓata, ta watsar da komai har wata guda. Ni nakan ci wake ko kwaɗo a gida kafin in tafi, in an kawo gara in ɗauki alkaki ɗaya in ci domin kada a ce na raina, sauran in ƙulle wa yara, da dare kuma in koma kwanona. Mai ciki kuwa ba a rage ƙiba da ciki, ta tsaya kan abin da aka gaya mata a wurin awo. Mai shayarwa ta rage sukari da suya amma kada ta rage cin abinci har nono ya ja baya, kuma idan tana da hawan jini ta faɗa wa ma'aikatan asibiti kafin a fara ɗura mata kunun kanwa, domin kanwa ma gishiri ce mai tayar da jini.