Yadda Ake Shirya Haska Finafinan Daraktocin LGBT Baƙar Fata a Unguwa

A manyan biranen Amurka da Birtaniya mutanen unguwa kan haɗu a ɗakin karatu ko zauren taro su kalli fim tare, sannan su zauna su tattauna shi. Wani reshe na wannan al'ada ya keɓanta da finafinan daraktoci 'yan LGBT, wato masu neman jinsinsu da waɗanda suka sauya jinsi, musamman baƙar fata da 'yan asalin Asiya da Latin Amurka. Manyan bukukuwan finafinan LGBT sun sha suka cewa labaran farar fata ne suka mamaye su, kuma wannan giɓi ne ya sa Madeleine Lim ta kafa ƙungiyar QWOCMAP, mai koya wa matan LGBT da ba farar fata ba shirya fim, a San Francisco a 2000, bikin Outfest na Los Angeles kuma ya buɗe wani reshe mai suna Fusion domin finafinan 'yan LGBT da ba farar fata ba. Mai son shirya irin wannan zama ya sani tun farko cewa amana biyu zai ɗauka, ta daraktan da ya sha wahalar shirya fim ɗin da ta mutanen da za su shigo zauren.

Zaɓen fim ne farkon aiki, kuma bai kamata mutum ɗaya ya yanke shi ba. A haɗa kwamiti na mutum uku zuwa biyar, mafi yawansu daga cikin al'ummar da finafinan ke magana a kanta, a kuma duba wanda ya ba da umarni, domin fim na iya cika da jarumai baƙar fata alhali wanda ya rubuta shi da wanda ya shirya shi ba su san rayuwar ba sai daga nesa. Haɗa tsohon fim da sababbi yana da amfani sosai. The Watermelon Woman na Cheryl Dunye, wanda ya fito a 1996 kuma aka sanya shi cikin kundin finafinan tarihi na Amurka a 2021, ko Tongues Untied na Marlon Riggs na 1989, wanda wasu tashoshin PBS, gidan talabijin na al'umma a Amurka, suka ƙi nunawa a 1991, suna nuna wa matasa cewa wannan aiki yana da tushe. Sai a biyo su da gajerun finafinai biyu ko uku na daraktocin garin, waɗanda za su iya zuwa da kansu. A ra'ayina, kada jimillar kallon ta wuce minti 90, domin bayan haka gajiya ke cinye tattaunawar.

Batun izini shi ne inda masu shiri suka fi yin sakaci. Mallakar faifan DVD ko biyan kuɗin Netflix ba ya bai wa kowa damar haska fim a bainar jama'a, ko da kuwa ba a karɓi ko sisi a ƙofa ba. A Amurka, finafinan manyan kamfanoni ana samun lasisinsu daga Swank ko Criterion Pictures, amma yawancin finafinan da muke magana a kansu suna hannun ƙananan masu rarrabawa irin su Frameline da Women Make Movies da Third World Newsreel da California Newsreel. A Birtaniya Filmbankmedia ce ke da lasisin finafinai da dama, ƙungiyar Cinema For All kuma tana ba ƙananan gidajen kallo na unguwa shawara. A Ingila da Wales, taron da ba na neman riba ba a zauren al'umma ba ya buƙatar lasisin wuri idan 'yan kallo ba su haura 500 ba kuma an yi shi tsakanin ƙarfe 8 na safe da 11 na dare, muddin masu zauren sun amince kuma an kiyaye ƙa'idar shekaru. Sai dai wannan sassauci bai ɗauke lasisin fim ɗin kansa ba. A fara neman izinin aƙalla makonni shida kafin ranar, a faɗi girman zauren da ko za a sayar da tikiti, domin a kansu ake yanke farashi.

Gajerun finafinai galibi suna hannun daraktocinsu, kuma a nan ne ake gane mai mutunci. Sau da yawa akan roƙi matashin darakta ya ba da fim ɗinsa kyauta wai don a san shi, alhali an biya kuɗin zaure da na lemo da na fosta. Kuɗin darakta ya fara shiga kasafi kafin komai, ko da kaɗan ne, a rubuta yarjejeniyar a imel, a biya a kan lokaci, idan kuma zai zo ya yi magana a ƙara masa kuɗin mota da na lokacinsa.

Zaure ya kasance kusa da tashar bas ko jirgin ƙasa, mai keken guragu ya iya shiga ba tare da an ɗauke shi ba, a kuma tanadi banɗaki da kowa zai shiga ba tare da an tsare shi da tambaya ba, domin wannan ƙaramin abu ne ke hana waɗanda suka sauya jinsi zuwa taro da yawa. A sa rubutun maganganu a ƙasan allo saboda kurame da waɗanda Turanci ba harshensu na farko ba ne. A gwada majigi da lasifika da ainihin fayil ɗin fim ɗin kwana ɗaya kafin taro, a ajiye kwafi na biyu a filashi, kada a dogara da intanet ɗin zauren.

Sirrin 'yan kallo ya fi komai nauyi. Cikin masu zuwa akwai waɗanda iyalansu ba su san halin da suke ciki ba, akwai masu neman mafaka, akwai kuma waɗanda ke komawa ƙasashen da doka ke hukunta wannan rayuwa. A Najeriya, alal misali, dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga mai shiga ƙungiyoyin masu neman jinsinsu. Hoto ɗaya a Instagram na iya jefa mutum cikin abin da mai shirya taron ba zai iya fitar da shi ba. Saboda haka a hana ɗaukar hoton 'yan kallo, a sanar da hakan a ƙofa da kuma kafin a kashe fitila, kada a tilasta wa kowa rubuta cikakken sunansa. Idan akwai fargabar masu tayar da hankali, a aika adireshin ga waɗanda suka yi rajista kawai, a tsayar da mutum biyu masu sanyin hali a bakin ƙofa.

Tattaunawar bayan fim tana buƙatar jagora da ya kalli fim ɗin tun da wuri kuma ya shirya tambayoyi kan aikin kansa, wato rubutu da ɗaukar hoto da inda aka samo kuɗi, domin darakta ya zo ne a matsayin mai sana'a, ba don a yi masa titsiye kan rayuwarsa ba. A tambaye shi tun kafin a hau mumbari sunan da yake so a kira shi da shi da kuma yadda za a ambace shi. Minti 30 sun isa, kuma raba ƙananan takardu domin rubuta tambaya yana taimaka wa masu jin nauyin riƙe makirufo. Washegari a aika wa daraktan da mai rarrabawa adadin mutanen da suka halarta, domin daraktoci na amfani da irin waɗannan alƙaluma wajen neman tallafin fim na gaba.