Kurakuran shimfiɗar farko a zanen fuska da yadda ake gyara su

Shimfiɗar farko ita ce siririn fentin da ake malalawa a kan kanbas (ƙyallen da ake zane a kai) da kala ɗaya kafin a ɗora kalar fata. Aikinta guda ne: ta nuna inda haske ya faɗi a fuska da inda inuwa ta zauna. Yawancin hotunan da ke lalacewa a hannun masu koyo tun daga nan matsalarsu ke farawa.

Kuskuren da ya fi ci wa mutum kuɗi shi ne cika mai a wannan shimfiɗa. A fentin mai, na ƙasa ya kamata ya fi ƙarancin mai, na sama ya fi yawa. In aka yi akasin haka, saman zai bushe alhali ƙasan na motsi, bayan wasu watanni sai fuskar ta tsattsage. A tsinka fentin farko da tafentin (ruwan tsinka fentin mai) har ya yi kamar ruwan shayi. A shafi na biyu a haɗa kashi 2 na tafentin da kashi 1 na man linsid (man da ake haɗa fenti da shi), daga nan a riƙa ƙara man kaɗan-kaɗan. Kananzir kuwa, duk da sauƙinsa, yana jinkirin bushewa kuma yana barin maiƙo, gara a bar shi wajen wankin buroshi. Wanda ke gaggawa zai iya yin shimfiɗar da akirilik (fentin da ake tsinkawa da ruwa) siririya ya ɗora fentin mai a kai, amma ba a ɗora akirilik a kan mai, ɓamɓarewa yake yi.

Inda muka fi son a tsaya shi ne baƙar fata, tunda ita muke zanawa kullum a Sakkwato. Mutane da yawa na ɗaukar baƙin fenti tsantsa su cika inuwa da shi, sai fuskar ta yi kamar an shafa mata baƙin tukunya. Kalar ƙasa mai duhu da ake kira amba ta fi dacewa, kuma tana bushewa da wuri saboda sinadarin manganis da ke cikinta. A shafe kanbas duka da ita, sannan a sa tsumma mai tsabta a goge goshi, karan hanci, tudun kunci da haɓa tun fentin na jiƙe, hasken ya fito da kansa. Wurare mafi duhu, kamar ƙofar hanci, ƙarƙashin haɓa da inda hula ta jefa inuwa, a haɗa amba da shuɗi mai duhu. Mataki 5 daga haske zuwa duhu sun isa. Koren shimfiɗa da masu zanen Italiya suka yi amfani da shi an yi shi ne don farar fata, kwaikwayonsa ido rufe na iya dusashe fatarmu.

Haka farin rawani ko babbar riga: kada a bar su fari fat, a shimfiɗa musu toka-toka, in ba haka ba za su danne fuskar. In daga hoto ake zanen, hoton waya da aka ɗauka da filasha yana kashe inuwa. A nemi wanda haske ya zo ta gefe ɗaya, a mayar da shi baƙi-da-fari a duba.

Gawayin da aka zana layi da shi a kaɗe shi tukuna, yana gurɓata fenti.

Sai bushewa. Da hunturu ƙura na manne wa fenti jiƙaƙƙe, don haka a jingina kanbas fuskarsa na kallon bango. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kada a shanya shi a rana. A ba shi kwana 1 zuwa 2 a inuwa mai iska, a taɓa gefe da yatsa, in bai kama ba sannan a ɗora kalar fata.