Ga ƙannenmu masu zuwa Legas neman aikin rediyo

Da wuya wata ya wuce ba a turo mini wani matashi daga Kano ko Gusau ko Azare ba, da murya mai daɗi, an gaya masa Legas ce cibiyar aikin jarida. Ba ƙarya aka yi masa ba. Gidan Rediyon Tarayya na Ikoyi, Muryar Najeriya na da ofis a nan, makarantar horas da ma'aikatan rediyo tana Ikeja. Gwajin murya kuwa ba ya ba yaranmu wahala, tun suna goye suke jin rediyo. Masauki na farko ma ba abin damuwa ba ne. Alhamdu lillahi, daga Agege zuwa Idi-Araba, Obalende da Mile 12, ba a barin ɗan Arewa ya kwana a titi. Ka gaida limami ko ka je fadar Sarkin Hausawa, za a san yadda aka yi da kai.

Inda nake ganin kuna faɗawa rami shi ne takarda. Za a ce maka, "Malam, fara shirin kawai, takardar ɗaukar aiki na tafe." Sai farin ciki ya rufe ka, ka kira gida ka ce a buɗe rediyo. Ƙanena, tsaya. In aikin gwamnati ne, akwai tsarin raba guraben aiki tsakanin jihohi, kuma za a nemi shaidar asalin ƙaramar hukumarka, takardar bautar ƙasa da lambar NIN. Ka taho da su daga gida, na ainihi, sunanka iri ɗaya a kowace. Muhammad a wannan, Mohammed a waccan, ya isa a ajiye fayil ɗinka. In kuma haya aka ɗauke ka, ana biyanka bisa kowane shiri, to a rubuta: nawa ne, yaushe za a biya, wa ya sa hannu.

Na daɗe ina gabatar da shirin siyasa a wata tasha bisa alkawarin baki. Ran nan wani baƙo ya zargi wani ɗan siyasa kai tsaye, lauyoyi suka rubuto. Da aka kira taro, abin da shugaban sashe ya fara faɗa shi ne, ai ni ba ma'aikacinsu ba ne. Mutumin da muke cin abinci tare! Kuɗin shirye-shiryen da nake bi ma har yau ban gan su ba. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji yaro na cewa tambayar takarda rashin kunya ne. Kunyarmu abin alfahari ce a gida, amma a ofis wasu cin gajiyarta suke yi.

Shirin siyasa ba zaman majalisar mai shayi ba ne. Hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, wadda aka kafa a 1992, tana saurare, kuma tasha take kamawa kan abin da baƙo ko mai kiran waya ya furta. A 2020 ta ci tarar tashar rediyon Nigeria Info ta nan Legas naira miliyan 5 saboda hira da marigayi Obadiah Mailafia, tsohon mataimakin gwamnan Babban Bankin Najeriya. Tasha in ta sha irin wannan, kan mai gabatarwa take hucewa. Ka karanta kundin dokokin hukumar, ka adana sautin kowane shiri, ka rubuta wanda ya amince a gayyaci baƙon. Ambulan ɗan siyasa kuma ka bar masa abinsa, domin wanda ya ba ka kuɗin mota yau, gobe shi zai tsara maka tambaya.

Gidan haya ma takarda ne. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni, amma dillali zai ɗora nasa, da na yarjejeniya, da na ajiya. Kada ka ba da ko sisi sai da rasit. Ka kuma lissafa nisa: mai shirin asuba a Ikoyi da ke kwana a Agege, tsakar dare yake tashi.

Masu saurarenka su ne 'yan gwari na Mile 12, 'yan dako, masu gadi, direbobin tirela a Apapa. Da aka hana acaba a ƙananan hukumomi 6 a 2022, da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa ba sa jin Turanci ko Yarbanci, mu suke jira mu fayyace musu inda dokar ta tsaya. Ka koyi gaisuwa da Yarbanci, ka riƙa shiga kasuwa da ƙafarka. Ranar da rikici ya tashi tsakanin namu da 'yan gari, kada ka buɗe layin waya sai ka ji daga bakin shugabannin kasuwa na ɓangarorin biyu da 'yan sanda.