Kurakuran da ke hana magidanci fita daga bashi, da yadda ake gyara su

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a 'yan shekarun nan maganar ta ƙara tabbata a Zariya. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota daga Samaru zuwa Sabon Gari ya tashi, tiyar hatsi ta tashi, har hauhawar farashin kaya ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, kamar yadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai cike giɓin ba. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a tarar da malamin makaranta ko mai rumfa a Tudun Wada yana ɗauke da bashi hawa uku ko huɗu. Abin damuwa shi ne mutane da yawa suna da niyyar biya, suna kuma bakin ƙoƙarinsu, amma sai shekara ta zagayo bashin yana nan inda yake, saboda wasu kurakurai da ake ta maimaitawa.

Tushen matsalar shi ne rashin sanin ainihin abin da ake bin mutum. Idan aka tambayi magidanci nawa ne a kansa, sai ya ce da ɗan dama. Yana sane da rancen ƙungiyar ma'aikata domin ana cirewa daga albashi, amma ya manta da littafin mai shago, da ragowar kuɗin makarantar yara, da abin da ya karɓa a hannun ƙaninsa lokacin da uwargida ta haihu. Mutane ƙalilan ne ke lissafa adashi a cikin bashi, alhali wanda ya riga ya kwashi nasa, duk zubin da ya rage a kansa haƙƙin wasu ne. Gyaran ba ya buƙatar komai face littafi da biro: sunan mai bin bashi, adadin da ya rage, ranar da aka yi alkawari, da ko akwai kuɗin ruwa ko tarar jinkiri. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana, amma a tsakaninmu har yanzu ana ganin neman a rubuta kamar rashin yarda ne. Jimillar za ta iya tayar wa mutum da hankali a daren da ya haɗa ta, sai dai daga ranar ne zai fara sanin ko yana gaba ko yana baya.

Da zarar an san adadi, sai tambayar wanda za a fara biya. A nan yawancin mutane suna biyan wanda ya fi yawan kira a waya, ko kuma su yayyafa wa kowa dubu biyu-biyu don a sami sa'ida. Bashi kuwa iri biyu ne, akwai mai haihuwa da wanda ba ya haihuwa. A ce mutum ya karɓi naira 50,000 a manhajar rance a kan kashi 15 cikin ɗari duk wata. Kuɗin ruwa kawai naira 7,500 ne a wata, wato naira 90,000 a shekara, kuma uwar kuɗin ba ta ragu da sisi ba. Irin wannan ne ya kamata a fara kashewa da duk rarar da aka samu, sauran kuma a ci gaba da ba su abin da aka yi alkawari. Bayansa, a ganina, ƙananan basussukan talakawa ne suka fi cancanta: mai shagon unguwa, da mai kayan miya, da telan da ya ɗinka kayan sallah. Ba sa ɗora ruwa, amma jarinsu ƙarami ne, dubu goma da aka riƙe wa mai tebur tana iya hana shi saro kaya na mako guda. Yayan da ya ba da rance mai yawa kuma yana da hali zai fi iya haƙuri, muddin an yi masa bayani.

Kuskuren da ya fi durƙusar da mutane shi ne cin sabon bashi don a toshe tsoho, kuma wayar hannu ta sauƙaƙa shi ƙwarai, domin cikin minti kaɗan kuɗi na shiga asusu ba tare da an kalli idon kowa ba. Kafin a sa hannu a kan kowane rance, a tambayi jimillar abin da za a mayar, kada a tsaya a kan abin da za a biya duk wata. Misali, rancen naira 300,000 na shekara guda a kan kashi 5 duk wata, idan a kan cikakkiyar uwar kuɗin ake lissafa ruwan daga farko har ƙarshe, ruwansa naira 180,000 ne, abin mayarwa ya zama naira 480,000, ko da yake abin da za a faɗa wa mutum shi ne dubu arba'in kacal a wata. Tun 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta wajabta wa masu ba da rance ta intanet yin rajista, kuma a 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobin waya da hotunan mai karɓar rance. Duk manhajar da ta nemi a buɗe mata lambobin 'yan'uwa da abokai, a guje ta. Masu tunanin sauya banki don kauce wa cirewa su ma su sani cewa tun Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar ɗebe bashinsu daga sauran asusun da ke ɗauke da lambar BVN ta mai rancen, idan ya sa hannu a kan hakan lokacin karɓa.

Sai kuma ɓuya. Mutum ya daina ɗaukar waya, ya sauya masallacin da yake sallar asuba, ya riƙa zagayawa ta bayan layi don kada ya wuce ta gaban shago. A gari irin Zariya, inda gobe za a haɗu a wurin ɗaurin aure ko jana'iza, wannan ba ya ɗorewa, kuma yana mayar da matsalar kuɗi ta zama ta mutunci. Abin da ya fi shi ne mutum ya je da ƙafarsa kafin ranar alkawari ta cika, ya ce: "Alhaji, Allah ya ƙara girma. Dubu tamanin ɗinka ba za su samu a ƙarshen watan nan ba. Ga dubu goma yanzu, kuma duk ranar biyar ga wata zan kawo goma har su ƙare." Alkawarin ya zama wanda za a iya cikawa ko da wata ya zo da matsi, domin ƙaramin alkawari da aka cika ya fi babba da aka saɓa. Shari'a ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci, kamar yadda ta kira jinkirin mai hali zalunci, don haka wanda ya nemi a ɗaga masa ƙafa bai kamata a gan shi da sabuwar waya a mako mai zuwa ba.

A wajen tsara kashe kuɗi, ko masu rubutawa ma sukan tsaya a kan wata guda: cefane, wuta, kuɗin mota, magani. Abubuwan da ke jefa gida cikin bashi kuwa ba duk wata suke zuwa ba. Kuɗin haya sau ɗaya ne a shekara, kuɗin makaranta sau uku, ga azumi, ga kayan sallah, ga taki idan damina ta faɗi ga mai ɗan gona a hanyar Soba ko Giwa. Babu ɗaya daga cikinsu da ke zuwa ba zato, amma kowace shekara ana tarbarsu kamar gobara. Gyaran shi ne a haɗa su duka a raba gida goma sha biyu. Wanda hayarsa naira 240,000 ce ya ɗauka cewa dubu ashirin na kowane albashi ba nasa ba ne. Haka kuɗin biyan bashi: a fitar da shi a ranar da albashi ya shigo, kafin a je kasuwa, domin wanda ya ce zai biya da abin da ya rage a ƙarshen wata ba zai taɓa ganin ragowa ba. Layya ma sunna ce a kan mai iko, babu dalilin ɗauko rago bashi don kada maƙwabta su yi magana.

Magidanta da yawa suna ɓoye wa matansu halin da ake ciki, sannan su yi mamakin yadda ake kawo musu maganar anko da gudummawar biki. Uwargida ita ce ta san inda mai da magi da gawayi ke tafiya, kuma idan ta ga lissafin da idonta, sau da yawa ita za ta nuna inda za a rage.

Neman ƙarin kuɗin shiga shi ne rabin maganin, amma nan ma ana yawan faɗawa rami. Mafi muni shi ne ranto jari don sana'ar da ba a sani ba. Masu sayar da abinci da masu shagunan buga takardu a Samaru da Kongo sun ga abin da yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya yi wa ciniki, daga Fabrairu har Oktoba babu ɗalibai, kuma mai bin bashi ba ya tafiya yajin aiki. Sayen masara da kaka a ajiye har farashi ya tashi dabara ce da aka saba da ita, amma a 2025 farashin hatsi sauka ya yi, wanda ya yi ajiya da kuɗin aro ya kwana ciki. Tsare-tsaren ninka kuɗi kuwa, daga MMM da ya dakatar da biyan mutane a Disambar 2016 zuwa CBEX da ya rushe a Afrilun 2025, sun fi kama wanda bashi ya matsa wa, haka ma cacar ƙwallo. Mai bashi ya nemi aikin da hannunsa ko iliminsa ne jarin: darasin yamma ga yara masu shirin jarrabawa, ɗinki, gyaran wuta, dillanci, ko ƙosai da kunu da za a fara da abin da ke cikin gida. Sannan a cire kuɗin kaya da na mota kafin a kira abin da ya rage riba, kuma a ajiye ribar daban, domin idan ta gauraya da kuɗin cefane, gida zai ƙara cin nama ne kawai bashi yana nan.

Akwai masu zuba duk abin da ke hannunsu a biyan bashi har ba su bar ko kuɗin allura ba, sai zazzaɓin yaro ɗaya ya mayar da su wurin mai ba da rance. Ko dubu biyu ce a wata, a ware ta don irin wannan rana. Akwai kuma masu riƙe da fili ko babur da ba sa amfani da shi alhali ruwa na hawa a kansu, suna jin kunyar a ce sun sayar. Wanda bashin halal ya fi ƙarfinsa ya sani cewa yana cikin mutum takwas da aka ambata a rabon zakka a Suratut Tauba, kuma babu aibi ya sanar da limamin unguwa ko wani dattijo halin da yake ciki.

Idan an kai biyan ƙarshe, kada a tafi haka nan. A sa mai shago ya soke sunan a littafinsa a gaban ido, a biya mutum a gaban shaidun da suka san da rancen, a karɓi takardar shaidar kammala biya daga banki ko ƙungiya. Ma'aikaci kuma ya duba takardar albashinsa ta wata biyu masu zuwa, domin akan ci gaba da cirewa bisa kuskure bayan rance ya ƙare, kuma dawo da kuɗin da aka riga aka cire yakan ɗauki watanni ana zirga-zirga a ofis.