Daga Abuja Zuwa Jos da Mota: Wuraren Tarihi da Sauka Gidan Tsohon Aboki

Kwana uku sun isa wannan tafiya, in dai an tsara ta da mai masauki tun kafin a tada mota. Ka kira abokinka mako guda kafin ranar, ka faɗa masa ku nawa ne, da iyali ko ba iyali, da ranar komawa. Gidan da ka sani yana da ɗakin baƙi shekara goma da suka wuce, wataƙila yau yara sun cike shi, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa maka ba sai ka tambaya.

Nisan bai wuce kilomita 300 ba, awa huɗu zuwa biyar, ta Nyanya, Mararaba, Keffi, Akwanga, Hawan Kibo, Riyom da Bukuru. A tashi da an idar da sallar asuba. A lokacin cunkoson Mararaba na masu shigowa Abuja ne, kai kuwa fita kake yi. Kada dare ya same ka a wannan hanya, ko tafiya ko dawowa.

Kafin nan bakanike ya duba birki, ruwan lagireto, baƙin mai da iskar safaya. Hawan Kibo ne ke tona asirin mota. Hawa ne mai tsawo da kwana-kwana, ga tireloli na jan ciki. Ka kashe na'urar sanyi, ka sa ƙaramar giya, idonka na kan allurar zafi. In ta haura, ka faka nesa da kwana, ka bar injin ya huce kamar rabin awa. Wanda ya buɗe murfin lagireto da zafinsa, tafasasshen ruwa zai watso masa a fuska.

Keffi ta cancanci tsayawar minti talatin. A nan Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Baturen mulkin mallaka, Kyaftin Moloney, a 1902, ya gudu Kano, Turawa kuma suka sa wannan cikin hujjojinsu na auka wa Kano a 1903. Tudun da ake kira da sunan Moloney yana nan, ka tambayi ɗan gari ya nuna maka. Wajen Akwanga ka sayi doya ta tsaraba, ta fi biskit ɗin kanti daraja a wurin uwargida.

A Jos, gidan adana kayan tarihi shi ne abin zuwa, kuma yini guda yake so. Wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ne ya kafa shi a 1952. A ciki akwai kawunan mutum-mutumin yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928. Ka matsa kusa ka dubi idanun: kusurwa uku gare su, an huda ƙwayar, haka hanci da baki. Hudar nan ta taimaka wa iska ta fita lokacin gashi, don kada yumɓun ya fashe. Kusa da gidan tarihin akwai filin gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Mika'ilu. Ka ɗaga kai ka ga yadda bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan gini, ke ɗauke da rufin ƙasa. Ruwan sama ya ci wasu sassan, abin takaici, amma ko a haka ya fi hoto. Sa abokinka ya tabbatar maka da ranaku da lokacin buɗewa.

Dutsen Riyom da gangaren ruwan Assop suna kan hanya, kallon ɗan lokaci ne. Kududdufan Bukuru da Rayfield kuwa ramukan kuza ne da ruwa ya cika, suna da zurfi, kada yaro ya matsa bakinsu.

Tun rikicin 2001 unguwannin Jos suka rarrabu, don haka taswirar waya ba ta isa jagora ba. Abokinka ya tare ka a wuri sananne kamar Terminus, shi zai ce a bi nan, a bar can. Garin yana sama da mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu ba wasa, ka zo da bargonka da rigunan sanyin yara. Gidaje da yawa wurin 'yan garuwa suke sayen ruwa, a yi wanka da lissafi. Kada ka miƙa wa abokinka kuɗin masauki, zagi ne. Ka ce, “Mutumina, yau cefane nawa ne,” ko ka damƙa wa yara wani abu ranar sallama.

Ranar komawa a bar Jos da hantsi. Dankalin Turawa da kabeji suna da araha, amma buhu ɗaya ya isa, don nauyi yana ƙara wa birki aiki a gangaren Hawan Kibo. Ka sauka da giya ta biyu, kana taɓa birki kana saki. In ka danne shi tun daga sama, zai yi zafi ya daina kamawa.