Yadda Sabon Mai Sassaƙar Gilashi Zai Kai Aikinsa Gidan Baje Koli

Tun daga shekarar 1962, lokacin da Harvey Littleton da Dominick Labino suka kunna ƙaramin tanderu a gidan adana kayan fasaha na Toledo da ke Amurka, narka gilashi ya daina zama aikin manyan masana'antu kaɗai, ya koma abin da mutum ɗaya zai iya yi a ɗakin aikinsa. A kan wannan sana'a ne gidajen baje koli irin su Habatat a jihar Michigan da Heller a birnin New York suka yi suna. Idan kana son irin waɗannan gidaje su karɓi aikinka, ka sani cewa lafiyar gilashin suke fara dubawa kafin kyansa.

Saboda haka, ka ba hucewar gilashi haƙƙinta. Bayan an gama siffanta shi, ana mayar da shi tanderu a riƙe zafinsa a wajen digiri 500 na ma'aunin Selsiyus, sannan a riƙa rage wutar sannu a hankali, domin idan bayansa ya riga cikinsa yin sanyi, zai iya tsagewa bayan watanni yana ajiye a ɗakin wanda ya saya. Ƙaramin kofi kan huce a dare ɗaya, amma aiki mai kauri yana iya cin kwanaki, wani ma makonni. Kada kuma ka haɗa gilashi iri biyu ba tare da gwaji ba, tunda kowanne da yadda yake buɗewa da tsukewa a wuta. Wannan ya fi shafar mai narka tsofaffin kwalabe, kamar yadda Masaga na Bida suke yi wajen ƙera mundaye da duwatsun wuya, domin koriyar kwalba da farar kwalba ba lallai su jitu ba. Wajen gwajin, ka sa aikin tsakanin ledoji biyu masu tace haske, waɗanda ake kira polarizing film da Turanci, ka juya ɗaya har sai ta yi duhu. Duk inda ka ga wani farin haske ya kewaye mahaɗa, to akwai matsi a wurin, wanda zai iya tsaga gilashin.

Kada ka je da aiki ɗaya tilo, komai kyansa. Ka tara ayyuka kamar goma waɗanda duk wanda ya gan su zai gane hannu ɗaya ne ya yi su, ka ɗauki hotonsu a gaban bango marar ado, haske yana zuwa ta gefe ko ta baya, don kada walƙiyar kyamara ta ɓoye siffar. A ganina, nan ne sababbin shiga suka fi yin sakaci. Da hotunan ne za ka nemi shiga mujallar New Glass Review, wadda gidan tarihin gilashi na Corning da ke Amurka yake fitarwa duk shekara da ayyuka 100 da aka zaɓo daga sassan duniya.

Idan gidan baje koli ya amsa, ku rubuta yarjejeniya. Yawanci ba sayen aikin suke yi ba, ajiya ce sai an sayar, kuma kasonsu kan kai rabin kuɗin. A fayyace wanda zai biya kuɗin jigila da inshora, da wanda asara za ta hau kansa idan aikin ya fashe a hannunsu. Kada kuma ka karya farashi ga wanda ya zagayo ya same ka a gida. Wajen aikawa, ka naɗe aikin da soso, ka sa shi a kwali, sannan ka sa kwalin cikin wani babba wanda aka cike gefunansa, ka girgiza. Idan ka ji motsi, ka buɗe ka sake shiri.