Yadda Ake Tafiyar da Babban Shirin Binciken Cutar Daji Tsakanin Asibitoci da Jami'o'i

Akwai nau'in binciken cutar daji da aikinsa shi ne ɗauko abin da masana suka gano a ɗakin gwaje-gwaje a kai shi gadon majinyaci, sannan a dawo da abin da likita ya gani a jikin majinyaci zuwa ɗakin gwaje-gwaje. Majinyatan suna asibiti, na'urori da masanan ƙwayoyin halitta suna jami'a, kuma kowane ɓangare da dokokinsa da kasafinsa da shugabanninsa. Babban manajan shiri shi ne wanda ake ɗora wa alhakin haɗa waɗannan gidaje biyu. Misalin da za mu bi shi ne TRACERx na Birtaniya, binciken cutar dajin huhu da aka fara a 2014 da kuɗin ƙungiyar Cancer Research UK, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Charles Swanton na jami'ar University College London (UCL) da Cibiyar Francis Crick da ke Landan, wanda ya ɗauki majinyata fiye da 800 a asibitocin Landan, Manchesta, Birmingham, Leicester, Cardiff, Glasgow da Aberdeen.

Mataki na farko shi ne manaja ya taka da ƙafarsa ya bi hanyar da samfuri, wato nama ko jinin da aka ɗauka daga majinyaci, yake bi, tun kafin ya zauna rubuta jadawali. A irin wannan bincike, idan likitan tiyata ya cire ƙari daga huhu, ana yanko nama daga sassa daban-daban na ƙarin, domin ƙwayoyin gefe ɗaya kan bambanta da na wani gefen. Daga lokacin da aka raba naman da jini ya fara lalacewa, don haka dole a san wanda zai tsaya a ƙofar ɗakin tiyata ya karɓa, da likitan da zai duba ya ware abin da asibiti ke buƙata don tantance cutar kafin a ba masu bincike ragowar, da wanda zai rubuta ƙarfe nawa aka cire da ƙarfe nawa aka daskarar. Ana ajiye naman a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili ko a cikin ruwan naitirojin. Jinin da za a nemi ɓurɓushin DNA na ƙari, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado na ƙwayoyinsa, a cikinsa kuwa, idan a kwalbar gwaji ta yau da kullum aka ɗiba, sai an tace shi cikin 'yan sa'o'i. Tiyatar da aka ɗage zuwa yammacin Juma'a, bayan ma'aikacin ɗakin gwaji ya tashi, tana iya jawo asarar samfurin da ba za a sake samu ba har abada, kuma manajan da bai shiga asibitin ba ba zai hango wannan ba.

Mataki na biyu takardu ne, kuma a ganina nan ne shirye-shirye suka fi ɓata lokaci. Ana buƙatar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da ta hukumar Health Research Authority mai kula da binciken lafiya a Ingila, sannan kowane asibiti ya tabbatar yana da ma'aikata da wurin yin aikin. Dokar naman jikin ɗan Adam ta 2004 ita ce ke aiki a Ingila, amma Sukotland tana da tata ta 2006, ke nan asibitin Glasgow da na Landan ba kan tsari ɗaya suke ba. Akwai yarjejeniyar miƙa samfura, da ta musayar bayanai ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2018, da takardar da ke ba ma'aikacin jami'a izinin shiga asibiti. A fara su duka a lokaci guda, tun kuɗi bai iso ba, domin lauyoyin jami'a da na asibiti ba sa sauri.

Na uku, a zauna da majinyata a rubuta takardar amincewa. Mutumin da ake shirin yi wa tiyata, hankalinsa a tashe, shi ne ake roƙo ya yarda a riƙa ɗibar jininsa shekaru biyar, a kuma sake ɗaukar nama idan cutar ta dawo. Hakkinsa ne a faɗa masa da harshe mai sauƙi inda samfurinsa zai je, ko kamfanonin magani za su gani, da kuma cewa yana iya janyewa ba tare da an rage masa kulawa ba. Takardar da aka rubuta a ƙuntace takan hana amfani da samfurin a wani bincike nan gaba.

Na huɗu, kowane majinyaci ya samu lamba ɗaya tak da za ta bi namansa da jininsa da hotunan huhunsa, sunansa kuwa ya tsaya a asibiti.

Sai batun kuɗi da ma'aikata. A kasafi, a ware albashin ma'aikatan jinya masu kula da bincike da masu shigar da bayanai a kowane asibiti, domin su ne ke riƙe da majinyata, kuma yawancinsu kwantiragin ɗan lokaci gare su. A lura da ranar ƙarewar kwantiragin kowa, a nemi sabuntawa watanni kafin lokaci. A taron wata-wata, a ajiye alƙaluman kowane asibiti a gaban kowa: nawa aka tuntuɓa, nawa suka yarda, samfuri nawa ya cika ƙa'ida. Asibitin da ya ja baya a je a same shi a ji matsalarsa.

A kuma rubuta tun farko wa ke da ikon bayar da samfuri, da yadda za a jera sunaye a maƙalolin da za a wallafa. TRACERx ya fitar da sakamakon majinyata 100 na farko a 2017, sannan na majinyata 421 a 2023, ya kuma nuna cewa gwajin jini na iya gano dawowar cutar kafin hoto ya nuna ta. Likitocin tiyata da ma'aikatan jinyar da suka tara waɗannan samfura suna da rabo a sakamakon, kuma aikin manaja ne ya tabbatar an sa sunayensu, an kuma koma asibitocin an yi wa majinyata da iyalansu bayanin abin da aka gano.